Ranar da Na Sa Masallaci Atishawa

Abubuwa da yawa na manta a rayuwata, wasu ma da gangan, amma raka'a ta biyu ta wata sallar Azahar a Harra ta Gabas, wata unguwa a Madina, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ina sahun farko, daf da bayan liman, na ɗora hannu a ƙirji kamar mutumin kirki, sai na ji ta bayan bango: gur... gur... gurgurgurgur.

Duk wanda ke masallacin ya ji, amma ni kaɗai na san mai wannan murya. Injin niƙan barkono ne na shagonmu. Ni da hannuna na tsayar da shi kafin mu fito, ni na ja ƙofa na kulle, makullin ma ga shi ina jin nauyinsa a aljihu. Babu kowa a ciki. Da kansa ya tashi.

Kuma ka san Azahar a ɓoye ake karatu. Da Magariba ce, da muryar liman ta ɗan rufa min asiri. Amma ina, masallaci tsit, sai ƙarar injin da bugun zuciyata.

Bari dai in koma baya kaɗan, don ka san yadda aka yi na kai kaina nan.

Ni a Gusau na bar makaranta tun ban yi nisa a sakandare ba (ni nake cewa na bari, hedimasta yana da nasa labarin). Na taɓa ɗinki, na taɓa karen mota, na taɓa gyaran rediyo, babu inda na yi damina biyu. Da Inna ta gaji da ni sai ta haɗa ni da ƙaninta, Kawu Ilu, wanda ya daɗe a Madina yana aikin inji. Wajen farkon shekarun tamanin ke nan. Na zo nan ma ban sauya hali ba. Na yi dakon kayan alhazai, na ce bayana. Na zauna shagon turare, na ce kaina. A ƙarshe Kawu ya kai ni wurin maigidansa, wani dattijo ɗan asalin Madina da muke kira Ammi Hamza, ya roƙa aka mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ƙarƙashinsa. A hanyar komawa gida ya tsaya, ya nuna fuskarsa da yatsa.

"Ka ga wannan? Ita na jinginar a kanka. Ba ni da wata. Ka ɓata nan, wallahi jirgin farko da zai kwashi alhazai zuwa Kano kana ciki, ko a ƙarƙashin kujera ne."

Ni kuwa duk rashin zamana, komawa gida hannu rabbana ita ce abin da na fi tsoro a duniya. Na riga na yi wa abokai bankwana irin na wanda ba zai dawo ba sai da mota.

Shagon Ammi Hamza wurin niƙa ne, tsohon yayi. A lokacin masu sabbin wurare sun fara sayen injuna kowanne da motarsa ta lantarki, ka danna ya tashi, ka danna ya mutu. Shi kuwa ya ce wanda ubansa ya bar masa bai yi masa laifin komai ba. Inji ɗaya ne tal, ƙato, mai shan dizal, a can ƙuryar shago. Daga jikinsa wani faffaɗan bel ya hau sama ya kama wata doguwar sandar ƙarfe da ta ratsa shagon ta ƙarƙashin rufi, daga wannan bango zuwa wancan. Sandar nan tana juyawa yini guda, kuma daga jikinta belabelai suka sauko, kowanne zuwa nasa injin niƙan: na alkama, na gahawa, na lalle, na barkono. Ka shiga sai ka ga sama duk tana motsi, fat-fat-fat, kamar an shanya rawuna iska tana kaɗawa.

Kowane injin niƙa yana da gargare biyu na ƙarfe gefe da gefe, su a can bakara suke cewa. Ɗaya a ɗaure take da injin, in bel ya hau kanta sai niƙa. Ɗayar kuwa sakakkiya ce, in ka tura bel kanta da mariƙin ƙarfe sai ta yi ta juyi ita kaɗai, injin yana tsaye. Kawu ya sa wa wannan sakakkiyar sunana. Wai yini take tana zagaye, ba ta tsinana komai. (Har Ammi Hamza ya ɗauka. In zai ce a tsayar da inji sai ya ce a mayar da bel kaina.)

Dalilin wannan dabara, babban injin ba a kashe shi da rana. Tayar da shi da safe aikin ƙarti ne, sai an taru ana wana hannu ana salati. Don haka in an kira salla, sai a tura kowane bel kan sakakkiya, a rage wa babban wuta ya koma dum... dum... dum a hankali, a ja ƙofa, a tafi masallaci. Mutanen unguwa sun saba da wannan dum-dum ɗin, ba sa ma jin sa. Amma ƙarar niƙa daban ce. Kuma a Madina a ji kana aiki ana salla ba ƙaramin abu ba ne. Akwai dattawa masu sanda da ke zagaya kasuwa suna "Salah, salah!" Babban abin alfaharin Ammi Hamza shi ne tun zamanin ubansa sandar nan ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofarsa ba.

To, sai Kawu ya kwanta asibiti za a yi masa aikin ƙaba. Kafin ya tafi ya damƙa min belabelai, ya riƙe min kunne, a zahiri fa, ba a baki ba.

"Abin da ka ga ina yi shi za ka yi. In bel ya fara santsi, rage wa injin abinci, ka bi shi a hankali har in dawo. Kada ka ƙirƙiro komai. Me na ce?"

"Kada in ƙirƙiro komai."

"Sake faɗa."

Na sake faɗa. Allah ya sani a lokacin har zuciyata nake nufi.

Ranar da abin ya faru zafi ake yi irin na Madina, wanda duwatsun Harra ke mayar maka da shi ta ƙasa. Bel ɗin barkono ya saki, ya dinga santsi yana ƙiiii kamar an taka ɗan kwikwiyo. Ga buhunan wani mai gidan abinci jibge, yana ta aiko yaro. Na rage abinci kamar yadda aka ce, niƙa ya koma tafiyar hawainiya. Na zauna ina kallo, ƙafata tana rawa. Can sai na tuna wani mai injin markaɗe a unguwarmu a Gusau, da yake narka mazarƙwaila ya ɗan shafa wa bel in yana santsi. Na ce to, nan ina zan ga mazarƙwaila? Ina ɗaga ido sai ga gwangwanin dibis a kan kanta. Dibis ruwan dabino ne mai kauri kamar zuma, shi Ammi Hamza ke dangwala burodi a ciki kowace safiya.

Akwai wani abokin aikina Jibrin, Bahaushe ne amma haihuwar Madina, irin waɗanda za ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. Ya gan ni da gwangwani a gindin bel.

"Esh tisawwi, ya majnun?" Wai me kake yi, mahaukaci.

Na ce, "Fasahar ƙasarku ce da ba ka sani ba. Tsaya ka ga aiki."

Na ɗiga kaɗan. Wallahi kamar an yi sihiri. Kukan ya ɗauke, bel ya cafke bakara, injin ya ɗauki murya, barkono ya fara zuba kamar ruwa. Jibrin ya buɗe baki. Ammi Hamza ya leƙo daga waje inda yake shan shayi, bai ga gwangwanin ba don na ɓoye shi a bayana, ya ce, "Masha Allah! Ya muhandis!"

Injiniya fa. Ni. Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa kirana da sunan da ya kai wannan ba. To ka san halin ɗan Adam, musamman irina. Na ce in ɗigo ya sa an kira ni injiniya, rabin gwangwani me zai sa? Na bi sauran belabelan na ɗan shafa musu, na barkono kuwa na yi masa wanka. (Mai markaɗen Gusau da tsinke yake shafawa. Wannan ɓangaren sai daga baya na tuna.)

Aka kira Azahar. Don in nuna ƙwazo, na juye sabon buhu a bakin injin ya cika taf, wai muna dawowa sai niƙa. Na kwance jakar da ke tare garin a ƙasa don in kakkaɓe, na ce in na dawo na ɗaura. Na tura kowane bel kan sakakkiya, komai ya tsaya, na kulle. Masallacin ɗan ƙarami ne, lungu kawai ya raba mu. Ranar har gaba na kutsa, don injiniya ba ya salla a sahun baya.

Abin da ban sani ba, dibis ɗin nan ya gangara ya shige tsakanin bakara biyun. Sakakkiya tana ta juyi, ƙarfe ya yi zafi, dibis ya dahu ya zama alewa, ya manne su wuri ɗaya. Wato takwarata da ba ta taɓa aiki ba, ranar ta ga dama ta fara.

Mu koma raka'a ta biyu.

Injin barkono yana da taga a saitinsa, tagar tana kallon lungu. A ɗaya gefen lungun kuma akwai na'urar sanyaya masallaci, irin mai ruwa ɗin nan da ke zuƙo iskar waje ta huro ciki. Ban yi lissafin wannan ba sai da wani tsoho a ƙarshen sahu ya ce "Atsha!"

Na ce a raina, mura ce. Allah ka sa mura ce.

Na kusa da shi ya karɓa. Sai sahu na biyu. Kafin a yi ruku'u masallaci ya kama, wannan ya yi, wancan ya amsa, wani farin Balarabe ɗan Sham a gefena yana yi yana neman gafara a hankali. Ban taɓa jin atishawa mai yawa haka babu "yarhamukallah" ko ɗaya ba, don kowa yana cikin salla. Limamin ranar Malam Bashir ne, ɗan Katsina da ke karatu a jami'a, mutum mai natsuwa, shi ke riƙe masallacin in babban liman ba ya nan. Ya ɗago daga ruku'u ya ce, "Sami'allahu liman..." sai muka ji shiru. Yana ta kokawa da hancinsa. Daga baya hancin ya yi nasara.

Ni kuwa ina tsaye ina shawara da kaina. In na yanke salla na fita, na tona kaina a gaban kowa. In na tsaya, buhu guda ne a bakin injin, ko kwatansa bai ci ba. Na saci kallon Ammi Hamza (na sani, ba a waige a salla, ka ƙara wannan a cikin laifukana). Hawaye na bin gemunsa, kuma na tabbata ba duka na barkono ba ne. Ya gane ƙarar. Shagonsa ne ke niƙa ana salla, duk unguwa tana ji.

Na yanke. Na dinga tsallake mutane ina "afwan, afwan", na fita ba takalmi, dutsen lungu ya gasa min tafin ƙafa.

Ina ɗaga ƙofa wani jan hayaƙi ya mare ni. Ban ga komai ba. Na lalubi mariƙin bel na tura dama, niƙa. Na tura hagu, niƙa. Sama kuma belabelan da na shafa suna ta watso dibis mai zafi, tsaf-tsaf, a bango, a rufi, a kaina, a farar jallabiyar da na saka don zuwa masallaci. Duk inda dibis ya sauka, barkono ya bi ya zauna. Da na rasa dabara sai na rarrafa ƙurya na rufe wa babban injin mai. Ya yi dum... dum... ya yi wata ajiyar zuciya, ya mutu. Sandar sama ta tsaya da rana tsaka, abin da ko Jibrin bai taɓa gani ba.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni.

Na fito ina lalube. Da na samu na buɗe ido ɗaya, sai na ga duk masallaci a lungu, an sallame, kowa da jan ido yana share hanci da gefen hiraminsa. A gaba ga wani dattijo mai sanda, ya tsare Ammi Hamza yana tambayarsa wa ya bari a ciki yana aiki lokacin salla. Sai suka juyo suka gan ni: ja tun daga gashi har ƙafa, ina ɗanƙo, ƙudaje sun fara taruwa, kamar tsiren da aka barbaɗa wa yaji aka manta ba a gasa ba.

Da zan iya, da na bar su a kan aljani ne. Amma na kalli fuskar Ammi Hamza na ga ba zan iya ba. Larabcina kuma a lokacin na cefane ne. Na daki ƙirji, hannuna ya manne, na ce:

"Ana. Ana... dibis. Dibis fauƙ makina. Makina... bismillah, ruh!"

Babu wanda ya gane. Malam Bashir ya matso yana tsiyayar hawaye ya ce, "Kai, faɗa min da Hausa, me ka yi?" Na faɗa masa. Ya dube ni, ya ce, "Ruwan dabino?" Na ce e. Ya ce, "A bel?" Na ce e, Malam. Ya juya zai fassara, ya fara tiryan-tiryan da Larabcinsa na jami'a, yana kaiwa wajen dibis sai muryarsa ta fara rawa, ya rufe baki da hannu wai atishawa ce.

Mai sanda bai yarda ba sai da Jibrin ya shiga ya fito da gwangwanin, ya kife shi, ko ɗigo babu. Dattijon ya sa yatsa ya lakato abin da ke kafaɗata, ya shinshina, ya ɗanɗana. Ya ce, "La haula wa la ƙuwwata illa billah," ya yi atishawa, ya saɓa sandarsa ya tafi, kafaɗunsa suna girgiza. Sai lungu ya fashe. Tsofaffi suna dariya suna tari suna riƙe bango.

Ammi Hamza kaɗai bai yi dariya ba. Ya karɓi gwangwanin ya leƙa ciki.

"Dibis ɗina," ya ce. "Na karin kumallona."

Na rama Azahar ni kaɗai a bakin shago, goshina yana mannewa da tabarma.

Da la'asar Ammi Hamza ya kira ni, ya sa Malam Bashir a tsakani don kada wata kalma ta ɓace. Na riga na fara tunanin abin da zan ce wa Inna a filin jirgi. Ya ce shi ba zai kore ni ba, kuma ba zai riƙe ni ba, don ba da ni ya yi magana ba tun farko, da Ilu ya yi. Ya ce yanzu haka labari ya kama hanyar asibiti, don masu zuwa dubiya ba sa zuwa hannu rabbana. "In Ilu ya ji daga bakinka, kai mutum ne, ka zauna. In ya ji daga bakin wani, ka tafi. Kuma ba za ka taka ko'ina ba sai ka kankare min belabelai."

Na ce to ya zan yi in kasance wuri biyu? Malam Bashir ya ce shi zai je dubiya bayan Magariba. Na ce ya taimaka ya isar min. Ya ce, "Ni? Wallahi ba zan kai ƙarshe ba, kuma mutumin da aka yi wa ɗinki a ciki bai kamata a sa shi dariya ba. An ce daga bakinka." Ya je ɗakinsa ya ɗauko 'yar rakodar da yake naɗar darasi da ita, ya sa kaset, ya ajiye min a kan buhun alkama, ya danna.

Shekaru na yi a wannan shago bayan nan, wuri na farko da na taɓa zama har aka gaji da ganina. Sunan muhandis bai kwana ba, Abu Dibis ne ya bi ni, har yau akwai tsofaffin Harra da ba su san sunana na yanka ba. Abin da na koya kuwa, in babba ya ce maka kada ka ƙirƙiro komai, ba raina basirarka ya yi ba, ya san ta ne sarai. Kuma in an yabe ka a kan ɗigo, ka tsaya a ɗigon.

Kawu bai taɓa mayar wa Malam Bashir kaset ɗin ba. Duk baƙon da ya zo daga gida sai an kunna masa bayan an ci abinci, shi ya sa na haddace. Ga abin da na ce:

"Salamu alaikum, Kawu. Ni ne. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Kawu, ka riƙe cikinka da filo kafin in fara. Atsha! Afwan. Inji yana nan lafiya, babu abin da ya karye, babu wanda ya ji ciwo, sai dai an ɗan yi kuka a masallaci. Kawu, na ƙirƙiro abu. Na san me ka ce, har sau biyu ka sa na faɗa. Ni na yi, ba Jibrin ba, ba aljani ba, in wani ya zo ya ce maka aljani ne ƙarya yake. Fuskarka da ka jinginar tana nan, ta ɗan yi ja amma ina kankarewa. Don Allah kada ka yi maganar jirgi sai ka fito ka ga belabelan da idonka. In ka ga ban gyara ba, ni da kaina zan shiga ƙarƙashin kujerar. Atsha! Malam, kashe, ya isa. Malam, dariya kake yi? Ana naɗa fa."